Mai Amsa wa Gertrude Addu'a

Duk wanda ya zauna a unguwar Mafoni ya san Gertrude mai ɗinki, wadda kekenta ke ƙara a zaure daga hantsi har la'asar. 'Yar Margi ce daga wajen Madagali. Mijinta Ignatius ɗan kudu maso gabas ne, kwanuka da fitilu yake sayarwa a kasuwa.

Kowane watan Agusta, su da 'yan cocinsu sukan cika akori-kurar wani direba mai suna Saleh, su bi ta Bama da Gwoza zuwa wani kogon dutse a bayan gidan Fada, limamin coci, inda aka kafa siffar Maryamu. A can ake kunna kyandir: na masu rai a dama, na matattu a hagu. A hanya kuwa carbi ake ja. Gertrude ta ɗauko rabin addu'a da Hausa, Ignatius ya ƙarasa da harshensu daga can ƙarshen mota, kullum a makare, don sai ya yi gyaran murya tukuna.

"Kai ko ranar tashin ƙiyama sai an jira ka," takan ce masa.

Sai rikicin shekarar sittin da shida ya zo. Ignatius ya hau motar kudu da jaka ɗaya, ita ta zauna, tunda 'yar ƙasa ce. Daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Fada ya tambaye ta ko a yi masa addu'ar mamaci, ta ce mijinta bai mutu ba.

Da Agusta ta zagayo, ta sayi kyandir ɗaya ta ɗaure a bakin zane. A dama za ta kunna shi. A motar Saleh babu ɗan coci ko ɗaya sai ita. 'Yan kasuwa ne da buhunan busasshen kifi, sai maƙwabciyarta Yakaka da za ta Gwoza suna.

"Ke kaɗai za ki ja carbin naki yau?" in ji Yakaka. "To ja a hankali, kada ki mai da mu 'yan coci ta baya."

"Ke dai riƙe goronki, Ya Yakaka."

Bayan Bama suka tarar ruwa ya cinye hanya. Saleh ya kashe mota, ya sauka ya duba zurfinsa. Rana tsaka ce, ba iska, ko kwaɗi sun yi shiru. Gertrude ta ciro carbi, ta faɗi rabinta ƙasa-ƙasa. Tsabar sabo, sai ta dakata inda ta saba dakatawa.

Aka yi gyaran murya a ƙarshen mota.

Sannan ragowar addu'ar ta zo, da harshen Ignatius, ba gaggawa, har zuwa amin.

Ba ta waiwaya ba. Ta matsa ƙwayar carbi ta sake faɗi. Aka sake amsawa, a makare. Wuyanta ya sandare, gumi ya jiƙa mata kallabi. Ta ce a ranta rana ce ta buge ta, kunnenta ne kawai.

Sai ta ji Yakaka ta damƙe mata hannu.

"Gertrude, wa ke amsa miki?"

"Kin ji?"

"Na ji. Na kuma duba. Buhuna ne kawai a wurin."

Saleh ya dawo ya tada mota. Da suka haye ruwan, ya leƙo ta 'yar tagar da ke bayan kansa ya ce, "Madam, ashe maigida ya dawo? Ina ya shiga ban gan shi ba?" Yakaka sai salati take yi.

Da yamma Gertrude ta hau dutsen. Ta daɗe tsaye a gaban kogon, kyandir a hannu, fuskarta tana dama. Mai rai ba ya amsa addu'a daga kan buhun kifi, wannan ta sani. Ta durƙusa a hagu ta kunna. Ta sauko ta gaya wa Fada ya sa ranar addu'ar mamacin.

Har yanzu tana ɗinki a Mafoni, kuma ba ta fasa tafiyar Agusta ba. Waɗanda suka zauna kusa da ita a mota sun ce rabin addu'a kawai take faɗi, ta yi shiru tana jira. Saleh kuwa ya daina ɗora kaya a wannan kusurwar.