Baffan Babayo

Babayo mai keke ba shi da baffa a Bauchi. Baffansa na jini, ƙanin mahaifinsa, ya bi shanu zuwa Taraba tun Babayo yana yaro, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Amma duk wanda ya zauna a Gwallaga a shekarun nan, in ka ce masa baffan Babayo, ya san wanda kake nufi: tsohon Ba'indiyen nan mai shagon tabarau.

An haifi Babayo a wata ruga bayan Miri. Shanun gidansu sun ƙare a hankali, wasu ciwo ya ɗauke, wasu kasuwa, har mahaifinsa ya haƙura ya kama gona ya zauna. Babayo bai iya noma ba, bai kuma yi wa kansa ƙarya ba. Ya yi acaɓa, daga baya ya samu Keke Napep, kullum yana shigowa gari da sassafe ya koma Miri da yamma wurin matarsa Humaira da 'ya'yansu. Dogo ne, fari, mai dogon hanci, magana ba ta dame shi ba. Tuƙinsa kuwa abin tsokana ne a wurin 'yan'uwansa masu keke. Suna cewa Babayo bai san ya bar kiwo ba, kora keken yake yi kamar saniya mai ciki.

Wannan sanyin tuƙin ne ya haɗa shi da tsohon. Wata rana ya ɗauko shi daga kasuwa, sai agwagwa ta shigo hanya da 'ya'yanta a jere. Babayo ya taka birki ya jira har ta ƙarshe ta haye, na baya suna ta danna masa oda. Da suka isa, tsohon ya ce masa ya dawo gobe. Goben nan ta kai su fiye da shekara goma.

Shagona na ɗinki yana jikin shagon tsohon, don haka abin da zan faɗa yawanci a idona aka yi shi. Ya zo Bauchi yana saurayi, lokacin da malamai Indiyawa suka cika makarantun sakandare, ya koyar da lissafi. Da zamani ya juya, abokansa suka tattara suka koma, shi ya zauna. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda ɗaya, Kusum, ta yi aure a garinsu Jodhpur, shi kuma ya buɗe shagon tabarau. Sunan gidansu Bafna, haka aka rubuta a allon shagon. Kunnen Bauchi bai san Bafna ba, Baffana ya sani. Sai ga dattawa masu furfura suna leƙowa suna cewa, "Baffana, ina kwana." Babayo da yake Bafillace, Bappana yake cewa. Da aka fassara wa tsohon ma'anar, ya yi dariya ya ce ya karɓa, a gari ɗaya ya samu 'ya'yan da ba zai iya ƙirgawa ba.

Cin abincinsa ya fi ƙarfin fahimtarmu. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Wannan da sauƙi. Amma har albasa da tafarnuwa da dankali da doya ba ya ci, wai duk abin da sai an tone ƙasa an tumɓuke shi, an kashe tsiron gaba ɗaya tare da ƙananan halittun da ke jikinsa. Ruwa sai ya tace da ƙyalle. In ya ga jerin tururuwa a ƙofar shago, tsallake su yake yi. Kuma daga faɗuwar rana ba abin da ke shiga bakinsa sai gari ya waye. Saboda haka ne kawai za ka ga Babayo yana gudu da keke, in ciniki ya riƙe tsohon har rana ta yi ja. Da azumi abin ya fi ban dariya: tsohon yana wanke hannu ya gama, Babayo yana zaune a ƙofar gida da dabino a hannu yana jiran kiran salla.

Tsohon nan mutum ne mai haƙuri, abu ɗaya ne ke tayar masa da jijiyar wuya, wato a ce masa Hindu. Ɗanlarai mai shayi, wanda teburinsa ke bakin layinmu, ya gano haka, shi ya sa ba ya gajiya da faɗa.

"Ni ba Hindu ba ne," in ji tsohon da Hausarsa mai tauri. "Ni Jain ne. Addini daban."

"Duk kanwar ja ce, Baffana," in ji Ɗanlarai.

Daga nan sai malamin lissafi ya farka. Ya ce mutanen Indiya sun haura biliyan, su kuwa 'yan Jain miliyan huɗu da rabi ne ko kusa da haka, in ka tara mutum ɗari biyu da hamsin da ƙyar ka samu nasu ɗaya. Ya ce addininsu tsoho ne, babban malaminsu na ƙarshe, Mahavira, ya rayu shekara dubu biyu da ɗari biyar da suka wuce, kuma shi ne na ashirin da huɗu a jerin malamansu. Tushen koyarwar shi ne kada ka cutar da mai rai, komai ƙanƙantarsa. Abin da ke cin ransa, ya ce, shi ne ko a can gida in an zo ƙidaya, da yawa daga mutanensu cikin Hindu ake jefa su, wasu ma da bakinsu suke amsawa don gudun dogon bayani. Mukan saurara da kunne ɗaya. Babayo ne kawai yake sauraro da biyu, ko don ba shi da wurin zuwa sai tsohon ya rufe shago.

A shekarar 2014 tsohon ya shigo layi da kwalin alewa yana rabawa. Wai gwamnatin Indiya ta amince a hukumance cewa su tsiraru ne masu addininsu na kansu. Mun sha alewa muna kallon juna. Mu da muka tashi a ƙasar da kowace ƙabila ke rantsuwa ita ta fi yawa, ba mu taɓa ganin mai murna don an ce masa ba shi da yawa ba. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Gara a ce kai kaɗan ne da a ce babu kai."

Da daminar bara waccan tsohon ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Babayo ne ya sungume shi zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su, Christiana, ta tambaye shi wane ne mara lafiyan.

"Bappana ne," in ji Babayo.

Suna ya faɗa mata, ita kuwa dangantaka ta ji. Ta dubi tsohon, wanda ranar Bauchi ta shekara arba'in ta rina, ta dubi Babayo da hancinsa, ba ta ga abin musu ba. Dama an daɗe ana tsokanar Fulani da kama da Indiyawa. Daga ranar, in likita zai yi bayani sai a ce a kira ɗan ƙanin mara lafiya.

Babayo ya gane kuskuren tun a yinin farko, kuma kalma ɗaya ta isa ta gyara shi ya koma kan kekensa. Na tambaye shi me ya hana. Ya ce, "In na ce ba ni ba ne, wa za su kira?" An sanar da Kusum ta waya, amma takardun tafiya suka riƙe ta. Sai Babayo ya ajiye keke. Humaira ta ware sabuwar tukunya da nama bai taɓa shiga ba, tana dama kunun gero da madara, shi kuma yana ba tsohon a baki da cokali tun rana tana sama.

Tsohon bai tashi ba. Ya rasu wata ranar Talata da yamma, 'yarsa tana hanya. Ɗanlarai ya je dubiya, a gabansa aka yi. Ya ga leɓen tsohon yana motsi, ya ga ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun hagu, sannan numfashi ya tsaya. Kafin a yi sallar magariba labari ya gama Gwallaga cewa Baffana ya cika da kalmar shahada.

Ba zan ce Ɗanlarai ƙarya ya shirya ba. Abin da zuciyarsa ke so ne idonsa ya gani, kuma duk layin abin da muke so ke nan. Mutumin da ya koyar da rabin iyayen unguwa, wanda bai taɓa taka ko kiyashi da gangan ba, wa zai so a ce ya tafi haka? Washegari da safe wani ya kawo mini alawayyo in yanka likkafani, matasa kuma suna tambayar inda za a haƙa. Malam Mudathir, limamin ƙaramin masallacinmu, shi ya ce a dakata. Ya sa aka kira Babayo ƙofar masallaci, muka taru.

"Babayo," in ji Malam, "asibiti sun ce kai ne nasa, ba za su ba kowa gawa ba sai da kai. Kai ne kuma kake kansa lokacin da ya cika. In ka shaida abin da Ɗanlarai ya ce, yanzu za mu yi masa sutura."

"In ban shaida ba fa, Malam?"

"'Yarsa za ta kai shi gida. Ka kuma san yadda suke yi da mamatansu."

Kowa ya sani, ƙonawa suke yi. Humaira ta taɓa gaya wa matata cewa shekara da shekaru Babayo ba ya idar da salla bai roƙa wa tsohon shiriya ba. Ga abin da ya roƙa an miƙo masa, saura ya ce i.

"Me za ka rasa?" in ji Ɗanlarai. "So kake a cinna wa baffanka wuta?"

Babayo ya ce, "Na san wannan motsin bakin. Kullum da safe a bayana yake zama cikin keke yana yin sa, har na san inda yake jan numfashi. Addu'arsu ce."

"Yatsan fa?"

"Taga yake nuna mini. Kofin kunu na hannuna, yana tambaya ko rana ta faɗi." Ya share fuska da hannun riga. "Wallahi na fi kowa so. Amma shi ya ce shi Jain ne, ban ji ya ce wani abu bayan wannan ba."

Malam Mudathir ya gyaɗa kai ya ce Allah ne masanin abin da ke zukata, amma ba a yi wa mamaci shaidar zur, ko da ta alheri ce. Taro ya watse ba daɗi. Wasu sun ce Babayo ya yi daidai, wasu sun ce taurin kan Fulani ne ya hana bawan Allah kwanciya a ƙasa. Na mayar da alawayyon ga mai shi. Ni kaina na ji haushinsa a ranar, na kuma ji tausayinsa fiye da haushin.

Kusum ta iso, mace mai kama da ubanta, da ragowar Hausar ƙuruciya a bakinta. Christiana ta ba ta labarin kunu da tukunya, wani kuma ya ba ta labarin ƙofar masallaci. Ta haɗa tafukanta biyu a gaban Babayo ta sunkuya, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Aka sa gawar a motar asibiti zuwa filin jirgi na Abuja. Hanyar ta Miri take bi, sai Babayo ya bi su a baya da keke har mararrabar gidansa, nan ya tsaya.

Ba wanda ya shirya zaman makoki. Amma da gari ya waye Babayo bai fita ba, Humaira ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mu ma ba mu yi shawara ba, sai dai muka tsinci juna a can, mutanen Gwallaga a kan babura, har da waɗanda suka zage shi. Ɗanlarai ne ya fara miƙa masa hannu. Baki ya saba, ya ce, "Allah ya ji..." sai ya haɗiye sauran. Malam Mudathir ya matso ya dafa gwiwar Babayo ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri."

Babayo ya ce amin, ya sunkuyar da kai. A al'ada mai ta'aziyya yakan ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, a shafa, sannan ya miƙe ya ba wasu wuri. Mun zauna har aka kira azahar, ba wanda ya ɗaga hannu, ba kuma wanda ya iya tashi ya tafi.