Kwantenar da Auta Ta Sa wa Suna Falo

Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ba ta yarda a jefar da tsohuwar na'ura. Tun tana sakandare take kwance rediyo ta mayar, ta bar ragowar kusoshi a faranti. Da ta gama jami'a ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai gina shafukan intanet, sai ta ɗauki tsohuwar kwamfutata ta tura ƙarƙashin teburin ɗakinta, ta ce daga yau ita ce sabar gidan, wato rumbun ajiyar bayananmu. Ta kwashe hotunanmu da saƙonnin murya daga wayoyinmu ta zuba a ciki.

"Baba, kayanmu a gidanmu za su kwana," in ji ta. Dokarta ɗaya ce: kada kowa ya kashe soket ɗin.

Ta rasu bayan gajeriyar jinya. Ba mu kashe soket ɗin ba. Duk da haka, ran da na iya buɗe manhajar hotunan a wayata, sai ta yi ta juyawa ba ta nuna komai. Babu kwafi a ko'ina. Muryar Auta duk tana ciki.

Na kira abokin aikinta da ake ce wa Dogo. Ya zauna a kujerarta, gwiwoyinsa na dukan teburi, ya yi ta bugun madannai.

"Baba, kicin lafiya lau. Gareji ma yana aiki. Falo ne ke mutuwa yana tashi."

Na waiwaya na dubi falon.

"A'a, kwantena nake nufi. Kowace manhaja tana da nata akwati a cikin na'urar, don kada su taka juna. Ita kuma ta sa musu sunayen ɗakunan gida. Hotunan suna falo."

Na yi shekara da shekaru ina koyar da kimiyya, amma kwantenar da na sani ita ce wadda tirela ke ɗauka. Na tambaye shi yadda abu zai mutu ya tashi.

"Haka aka tsara ta. In ta faɗi, sai a tashe ta sabuwa, babu komai a cikinta."

"Babu komai?"

"Kayan ba a cikinta suke zama ba, a waje ake ajiye su." Ya sosa kai. "Wajen ne ban gani ba."

Ya duba ko na'urar ta cika, ba ta cika ba. Ya yi zargin wata manhaja ta tare wa falo ƙofa, ya sauya lambar ƙofar, falo ya tashi ya sake faɗuwa. Ya kashe komai ya kunna, yana ba ni haƙuri kan dokar soket. Saƙon kuskuren bai canza ba: ana neman wata ma'ajiya, ba a same ta ba.

Mahaifiyar Auta ta shigo da ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Tun rasuwar sau ɗaya ta shiga ɗakin, ta yi shara.

"Ɗana, in ka gama ka duba min abin cajin nan nata. Kullum yana jakata, ko sau ɗaya bai caja min waya ba."

Ta fito da wani baƙin abu kamar sabulun wanka. Dogo ya miƙe har ya buge gwiwa.

"Mama, a ina kika samo wannan?"

"Bayan teburi, yana rataye da waya. Da ɗuminsa ma na ɗauka."

"Hajiya," na ce, "ashe falon ne kike yawo da shi asibiti da kasuwa."

"Wane falo kuma? Ku biyun nan lafiyarku?"

Dogo ya ce ba abin caji ba ne, ma'ajiyar da ake nema ce, ya miƙa hannu biyu. Ba ta ba shi nan take ba.

"In ka jona, ni me zan riƙe?"

Ya ce zai kawo wani ya kwafe komai a kai, wannan ya dawo jakarta. Ta sa shi ya maimaita, sannan ta saki.

Ya jona. Muka jira falo ya faɗi, bai faɗi ba. A wayata hotuna suka fara fitowa layi-layi. Na taɓa saƙon da ke sama, sai ga Auta tana yi min tsiya a kan tsohuwar motata, wai ko akuya ta fi ta gudu. Hajiya ta zauna a bakin gadon, ta ce in sake sa mata daga farko.