Rediyon da Kaka Ta Kashe

Ɗazu da la'asar iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wajen Batagarawa. Na tashi in kwashe shanya, sai na tsinci kaina zaune a bakin ƙofa. Kwana arba'in ke nan da rasuwar Baba, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Baba magini ne. A ƙarshen bazara shi ke yaɓe rufin soraye a Ƙofar Guga, aikin da ke ajiye mutum a sama lokacin da hadari ke haɗuwa. Yana da dabararsa. Sai ya murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha, inda babu mai magana, ya ƙure murya, ya ajiye a ƙasa. Yakan ce kafin aradu ta faɗo akwai 'yan tartsatsi da ke ƙyastawa cikin gajimare, ido ba ya ganinsu da rana, amma rediyo na jin su. In ya ji tas-tas jefi-jefi, ya ci gaba da aiki. In ƙarar ta koma kamar ana soya gyaɗa, ya sauko.

Kaka, mahaifiyarsa, ba ta taɓa yarda da wannan ba. A wurinta madubi da rediyo su ke kiran tsawa. Da gari ya yi duhu takan kifa madubi, ta rufe shi da zane.

Ran nan rufin gidanmu yake yaɓewa. Gabas ta yi baƙi. Ina tsintar wake a tsakar gida na ga Kaka ta dubi sama, ta dubi ɗanta, ta lallaɓo ta kashe rediyon tana salati. Shi kuwa daga can tas-tas ɗin kaɗai ke isa kunnensa. Da ya ji shiru, ya ɗauka hadarin bai nuna ba.

Tsawar ta sauka a kan bishiyar bedi da ke jikin katanga. Baba ya faɗo. Ƙugunsa ya goce, kunnen hagu ya mutu, bai sake hawa soro ba.

Da ya farfaɗo, Kaka ta riƙe hannunsa tana gaya wa maƙwabta cewa da ba ta kashe abin nan ba, da a kansa za ta sauka. Na buɗe baki. Baba ya dube ni, na rufe.

Ya ce, "Haka ne, Inna. Allah ya saka miki."

Ta ƙara shekara tara a duniya tana ba da labarin yadda ta ceci ɗanta, shi kuma yana gyaɗa kai.

Yanzu unguwar duk rufin kwano ce. Ɗana da ya yi karatun kimiyya ya ce tartsatsin nan gaskiya ne, har yau masana na binciken yadda suke buɗe wa walƙiya hanya. Ya tambaye ni me ya hana Baba saukowa ran nan, tunda ya san haka. Na ce masa ƙaddara ce, na aike shi ya rufe tagogi.