Mai Igiya da Hanyar Ruwan Garinmu

Da damanar bana wana, Malam Ummaru, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara tara. A takardar aiki ma'aikacin filaye ne, amma a garinmu, da ke kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Igiya, saboda doguwar igiyar da yake awon filaye da ita. Ban saba kawo sha'anin gidanmu a wannan shafi ba. Bana dai na kasa yin shiru, don abin da ya yi shekaru yana faɗa ana yi masa dariya ya same mu, kuma da hannuna a ciki.

Lokacin da Yaya ya kama aiki, garin bai wuce a zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar ba. Shi ya yanka unguwar da ke gabas da kasuwa. Dokarsa ba ta da yawa. Kowace hanya sai ta isa amalanke biyu su gitta ba tare da wani ya tsaya wa wani ba, kuma duk wanda aka ba fili sai ya dasa darbejiya a ƙofar gidansa. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne halinsa da damana. Da zarar ruwa ya sauko kowa ya gudu ɗaka, shi sai ya naɗe wando ya fita, ya riƙa bin ruwan yana kallon inda ya nufa. Da haka ya gano cewa duk ruwan da ke gangarowa daga tudun arewa ta bayan kasuwa yake bi, ya ratsa wani kwari, ya zuba a babban kududdufi, in ya cika ya malala fadama har gulbi. Ya zana wannan hanya da jan alƙalami a taswirarsa, ya hana a ba kowa ko taku ɗaya a cikinta.

Ni ne na fara ɗanɗana wannan hani. Da na yi aure ina koyarwa a firamare, sai na hango wani fili a bakin kwarin, kusa da makaranta, na je masa da murnata don ina ganin a gida abin yake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Bello, wanga wuri na ruwa ne. In na ba ka yau, gobe mi za ni ce ma wanda ba mu haɗa uwa ba?" Ya ba ni fili can ƙarshen gari inda ko rijiya babu. Kusan shekara ban ci tuwo a gidansa ba, sai da mahaifiyarmu ta tara mu ta yi mana faɗa. Daga baya wani babban ɗan kasuwa mai safarar kaya zuwa Maraɗi ya nemi wurin don ya gina sito. Yaya ya ba shi amsar da ya ba ni. Ba a yi wata biyu ba aka tura Yaya aiki wani ƙauye mai nisa. Ya yi shekara biyu can, ya dawo, ya tarar da turakun da ya kafa an tumɓuke, ya sake kafa su.

Ya rasu bayan gajeriyar jinya, aka raba gado, akwatin takardunsa ya zo hannuna don ni kaɗai ne mai sha'awar takarda a gidan. Taswirar tana ciki, a naɗe cikin tsohon zane.

Abin da ya biyo baya duk mutumin Gobir ya san shi, ba sai na tsawaita ba. Zama ya gagara a ƙauyuka. Mutane suka riƙa shigowa gari da tabarmi da tukwane a kai, wasu da awaki biyu uku, wasu ko takalmi babu. Suka cika azuzuwan makaranta da rumfunan kasuwa da zaurukan 'yan uwa. Garin ya cika ya batse cikin 'yan shekaru, kuma ba wanda ya zo ya auna ko taku ɗaya. Aikin da Yaya yake yi sai ya faɗa hannun dillalan filaye. Su kuwa hanya a wurinsu asara ce. Suka riƙa yanka lungun da ko mai babur sai ya sauka ya tura. Kududdufin da ke shanye ruwan gari aka mai da shi juji, da ya cika da shara da ledoji aka zuba masa jar ƙasa, aka kira shi fuloti. Masu shaguna suka ci gaban hanya, aka sare itatuwa don a kafa rumfa.

Sau uku muna zuwa ofishin da abin ya shafa, ni da mai unguwarmu, da taswirar Yaya a hannu. Roƙonmu ɗaya ne, a ware wa baƙin nan wuri a kan tudu, a yanka shi da tsari tun kafin su gina inda bai kamata ba. Jami'in da muka tarar mutum ne mai ladabi, ba zan zalunce shi ba. Ya nemo tasu taswirar bai same ta ba, har ya ɗauki hoton tamu da wayarsa. Zuwan farko ya ce ba su da motar fita. Na biyu ya ce maganar tana hannun manya. Na uku ya ce an kafa kwamiti. Har yau ban ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin kwamitin nan ba.

A cikin wannan hali Nomau, ɗan kawunmu, ya iso daga wani ƙauye a bayan Tozai, shi da matarsa Hassi da 'ya'yansu. Manomi ne wanda bai taɓa roƙon kowa hatsi ba. Na ba su ɗaki ɗaya a gidana, suka yi wata bakwai. Duk wanda ya taɓa haɗa gida biyu a tsakar gida ɗaya ya san yadda zaman yake. Ba wanda ya yi wa wani laifi, amma kowa ya gaji. Nomau ya riƙa fita tun safe yana neman inda zai kafa ko da ɗaki biyu ne, kullum ya dawo hannu wofi. Wata rana mai unguwa ya ce mini wuri ɗaya ya rage wanda ba a kai ga sayar da shi ba, wato cikin kwarin nan na bayan kasuwa. Ya ce in ban hana ba, shi ba zai hana ba.

Na san abin da wurin yake. Taswirar tana ƙarƙashin gadona. Amma na ce wa kaina ɗaki biyu ba za su tare ruwa ba, kuma zama ne na ɗan lokaci kafin ƙauye ya lafa. Na ce wa Nomau ya gina. Har tubali na taya shi ɗauka. Da mutane suka ga ƙanen Mai Igiya da kansa ya sa ɗan'uwansa a wurin, sai kowa ya biyo. Kafin shekara ta zagayo kwarin ya zama unguwa.

Damana biyu suka wuce lafiya, har na fara ganin ko Yaya ya cika tsanani ne. Bana aka yi ruwan da ya fara tun hantsi bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Ruwan ya gangaro daga tudu yadda ya saba, ya tarar da gidaje a hanyarsa, ya tarar da kududdufinsa an gine, sai ya shiga ɗakunan mutane. Hassi ta fitar da 'ya'yanta zuwa kan tudu, ta koma don ta ceto buhun geron da suka rage da shi, katangar ɗaki ta faɗo mata a ƙafa. An samu mota, amma ba ta da hanyar shiga, don lungun bai kai faɗin mota ba. A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauko ta, mu huɗu, ruwa har ƙugu, muna laluben ƙasa da ƙafa har bakin titi. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma matar da take surfe da daka ta ɗebo ruwa kafin rana ta yi zafi, yanzu da sanda take zuwa bakin murhu.

Bayan kwana huɗu sai ga motoci. Ashe akwai motar fita. Aka raba tabarmi da bokitai, aka ɗauki hotuna, wani ya yi jawabi yana cewa laifin mutane ne da suke gini a kan hanyar ruwa. Kafin su tafi aka bi gidajen da suka rage a tsaye aka shafa musu jan fenti, alamar za a rushe. Ina tsaye ina kallo, raina yana tafasa. Ban ce ƙarya suka yi ba, hanyar ruwa ce. Amma ina suke ranar da muka je da takarda muna roƙon a nuna wa mutanen nan inda ba hanyar ruwa ba? Wanda bai zo ya ce maka ga inda za ka zauna ba, da wane baki zai zo ya ce ka tashi?

Da yamma Nomau ya same ni a ƙofar gida. Bai yi mini ƙorafi ba, bai tuna mini cewa ni na ce ya gina ba. Ya ce, "Malam, sun ce in tashi. Ƙauye ba ya komuwa, nan ba ya zaunuwa. Kai da kay yi karatu, gaya mini ina za ni."

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Yaya zai leƙo ya ga garin nan, me zai ce? Na tabbata ba zai zagi baƙin ba. Yakan ce gari ba ya jiran izinin kowa kafin ya girma, aikin hukuma shi ne ta riga mutane isa wurin. Da ni zai fara, kuma ya yi daidai. Bayan ni sai ya tambayi yadda aka yi gari ya ninka kansa amma masu awo suka ragu, yadda ake kafa allon sabon aiki a bakin titi alhali lambatun da ke ƙarƙashin allon a toshe yake, yadda kowane mai hali yake haƙa rijiyar burtsatse a gidansa ya ɗaga dandamalin ƙofarsa, ya tura wa maƙwabci ruwan da ya kamata su nema wa hanya tare. Muna jin ana taro a manyan birane kan gari mai ɗorewa, ana magana mai daɗi. Mu nan abin da muke nema bai kai haka tsada ba. Mutum ɗaya muke so, mai izini a hannu, wanda ya san inda ruwa yake bi, kuma in ya ce a'a ba za a tura shi ƙauye ba.

Da na ga jira ba zai fisshe mu ba, sai na tara 'ya'yan Yaya a kan gonar da muka gada a tudun yamma. Na ce a yanka ta a ba waɗanda aka shafa wa fenti. Babbar 'yarsa, Hajara, ita ta fara amincewa, da sharaɗin a fitar da hanyoyi da magudanar ruwa kafin a ba kowa, ko da filayen za su ragu. Sun ragu ƙwarai, kuma ba za su ishi ko rabin mutanen kwarin ba. Mun kafa turaku, mun rubuta wa ofis takardar neman amincewa. An karɓa, an buga mata hatimi, an ce mu saurara. Muna saurare. Nomau dai ya fara buga tubali, don ya ce damana ba ta san da kwamiti ba.

Ba titi ko makaranta da ke ɗauke da sunan Yaya Ummaru. Unguwar da ya yanka tana nan, ruwan bana bai shiga ko gida ɗaya a cikinta ba, kuma yawancin mazaunanta yanzu sun ɗauka sa'a ce kawai. Na daɗe ina ganin iyakar abin da ya bari ke nan, sai makon jiya da na je duba Hassi. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafar. Bayan mun gaisa ta ce ta ji mata suna faɗin wai marigayi ya bar takarda da ta nuna wurin nan na ruwa ne. Ta ce, "Malam, ranar da muka aza tubalin fari, ka san da haka?"

Da sauƙi in ce mata takardar ta tsufa, ko in ce ban duba ba. Na ce mata na sani. Ta gyaɗa kai, ta gyara zaman ƙafarta, ta ce Allah ya kiyaye gaba.

A hanyar komawa gida na gane gādon da ya bar mana, ni da mai unguwa da dillalai da masu ofis. Ya raba mu da uzuri. Duk abin da ruwa zai yi wa garin nan baɗi, a cikinmu ba mai iya ɗaga kai ya ce ba a gaya masa ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya ba Hassi lafiya.