Naman Layyata a Gaban Kare

Shekarar da ɗana ya ɗauke ni daga unguwarmu ta Zongo ya kai ni gidansa a hanyar garin Calavi, na zaci hutu ya zo. Unguwar tsofaffin manyan ma'aikata ce, kowa ya ja katanga ya kulle kansa. Ko kiran sallah ba ka ji.

Da Babbar Sallah ta zo, na yi abin da na saba tun ina amarya. Na soya cinyar rago da hannuna, na zuba a kwanon samira, na kai wa tsohuwar da muke katanga ɗaya. Ko leƙowa ba ta yi ba. Ta wata 'yar na'urar magana a jikin ƙofa ta ce in miƙa wa maigadi, wai likita ya hana ta maiƙo.

Da na waiwaya, ta tsakanin ƙarafan ƙofar na hango maigadin yana juye naman layyata a gaban wani ƙaton kare. Tir!

Washegari na ɗaure kayana, na taka har bakin titi, na hau babur na ce Zongo. Kwanon ma na bar wa karen, tunda shi ne maƙwabcin.