Jan Tsumman Baba Sodangi

Hanyar bakin tafki da muke bi daga Gangara in za mu Sabon Birni ba gwamnati ta fara ta ba. Burtalin shanu ce tun asali, sannan fatake suka riƙa bin ta da jakunan kanwa daga Nijar. Daga baya aka zuba mata jar ƙasa, aka ce kwalta na tafe. Kwaltar har yau ba ta iso ba. Amma kyau kam akwai shi. Bado ya rufe ruwa, balbelu fari fat a kan itatuwa, in ka biyo da hantsi sai ka rage gudu ba ka sani ba. Ni Hafizullahi ɗan kabu-kabu ne, shekara goma sha ɗaya ina bin ta da babur.

Da damina tafkin kan hau hanyar ya shanye ta wuri uku, nan kuwa aikin Baba Sodangi yake. Ubansa ɗan fito ne, da ƙatuwar ƙwarya yake ƙetarar da mutane. Da aka yi hanya fito ya mutu, sai ɗan ya koma auna ruwa. Kullum da safe zai naɗe wando ya shiga da sanda yana kafa kara da tsumma a kai: farin tsumma inda ƙasa ke da ƙarfi, ja inda ruwa ya ci rami. Ba wanda ya sa shi. Gonar geronsa na nan gefe ciyawa ta cinye rabi, don mutumin ya fi son hanya da noma.

Sai zamani ya lalace. 'Yan bindiga suka cika daji, kowa ya koma kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Wata Laraba aka tare motar 'yan kasuwa a kwanar hanya ta biyu, aka tafi da mutum huɗu. Wani ya ce ranar ya ga jan tsumma har bakwai a jere, ai alama ce aka yi wa mutanen daji. Wani ya ce dama tsohon nan shi kaɗai ke wuni a bakin tafki, kuma ko akuya ba a taɓa ɗauke masa ba. Ni na san an kwana biyu ana ruwa, ramuka sun ƙaru. Duk da haka, wallahi, maganar ta zauna mini a ciki.

Marwan, shugaban 'yan sa-kai, ya sa aka kira Baba Sodangi ƙofar gidan maigari, ya tambaye shi.

"Baba, mutanen daji su ma suna bin alamunga naka?"

"Suna bi mana. Kowa na bi."



"Ka sani, kuma ba ka bari ba?"

"In tumɓuke don su, ku ku nutse? Mi kaka so in yi, ɗana?"

Marwan ya juyo gare ni, don ba wanda ya kai ni bin hanyar. "Hafizullahi, kai mi kag gani?"

Na ce ban sani ba. Har yau ina jin kunyar wannan amsa.

Aka hana Baba Sodangi zuwa tafki, aka tumɓuke karan, aka ƙone tsummokaran. Ba a doke shi ba. Sai dai in ya yi sallama a majalisa, mutum ɗaya ko biyu ke amsawa, su ma ciki-ciki. Bayan mako biyu ya aiko mini, ya ce za shi garin Isa wurin 'yarsa Fatsuma, in kai shi tashar Sabon Birni.

Muka iso inda ruwa ya fara shanye hanya. Ba kara ko ɗaya, ruwa shimfiɗe ja wur, dama da hagu duk iri ɗaya. Na taka birki.

"Bi dama, jikin ƙaya," in ji shi daga bayana.

Dama ita ce ɓangaren daji, inda duhuwa ta yi kauri. Na dubi duhuwar, na dubi ruwan. Ban wuce numfashi uku ina jinkiri ba, amma yana manne da bayana, ya ji.

Ya sauko, ya naɗe wando, ya ɗora ƙunshin kayansa a ka, ya shiga ruwan ta dama.

"Biyo ni," ya ce, bai waiwayo ba. "In da abin da ka jiranmu can, ni za ni fara isa."

Na biyo shi a hankali, ruwa bai kai ko rabin taya ba.