Hancin jar motar ƙanena

Sana'ar faiba a bakin ruwa na koye ta, kusa da Salaga, wajen facin kwale-kwale. Da na koma Yendi na buɗe rumfa, tankin ruwa da fasassun robobin babur nake liƙewa. Aikin ƙaiƙayi ne, zaren ya shiga fatarka ya kwana. Da shi na biya wa ƙanena makaranta har ya haye Turai.

Shekarar da matarsa ta haihu ya dawo da wata jar mota mai kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wai motar tsere. A hanyarmu! Ya je Salaga gaida dangi, ya biyo bayan tifa, ita kuwa ta yi ta watsa masa tsakuwa. Da ya iso rumfata, hancin motar ya zama kamar fuskar mai zanzana.

Ya ce, "Yaya, masu bugun bodi sun ce ba ƙarfe ba ce, faiba ce. Bikin suna saura kwana shida, kuma a Bawku za a yi, gidan surukaina. Za ka iya?"

Za ka iya! Ni da na yi masa tsarki yana yaro. Amma wallahi daɗi na ji. Tun da ya tafi bai taɓa neman komai a hannuna ba, na ce yau zai san abin da yayansa ya iya.

Tabon tsakuwa a jikin faiba munafuki ne. A sama ɗigo ne, a ƙasa ya tsage kamar ƙafar kaza. In ka shafe shi da fenti kawai, rana ɗaya zai buɗe baki. Sai da na bi kowane ɗaya da tsinin wuƙa na faɗaɗa shi, na wanke jar ƙasar da ta shige, na bar shi ya bushe a inuwa. Na dama ruwan faiba da maganin daskarewa, na cika ramukan har suka ɗan yi tozo, sannan na goge da samfefa da ruwa har yatsuna suka yi jini. Launin ne ya fi ba ni wuya, don rana ta ci jan. Sau bakwai ina haɗawa ina zubarwa. Ran na biyar shi da kansa ya durƙusa yana laluben wurin, bai samu ba.

Ranar suna ya tafi da motarsa, ni na bi a motar haya. Bayan an raɗa suna an raba goro, maza suka fito suka kewaye ta. Surukinsa, dattijo mai fataucin shanu, ya riga ya ga hoton ɓarnar a waya. Ya shafa hancin motar da tafinsa, ya yi tambayar da ake yi a wurinmu duk inda aka ga aiki mai kyau, don a sa wa mai shi albarka.

"Hannun wa ne wannan?"

Ina tsaye dab da ƙanena, har na fara sunkuyar da kai irin na mai jiran yabo. Sai na ji ya ce, "Baba, Kumasi na kai ta. Kamfani ne suka yi da inji."

Ko kallona bai yi ba. Na san ƙarƙashin bamba akwai shatin babban yatsana a cikin faiba, inda na danna kafin ya daskare. Durƙusawa ɗaya ta isa. Amma babba ba ya kwance wa ƙaninsa zani a gaban surukai, kuma ya san haka sarai, shi ya sa ya yi ƙaryar hankalinsa kwance. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, har yau.

Dattijon ya ce Allah ya yi wa hannun albarka, kowa ya shafa. Sannan ya juyo gare ni da fara'a.

"An ce kai ma kana ɗan taɓa irin wannan aiki. Ɗana, ka daure ka je Kumasi ka koya wurin mutanen nan."

Na tura yatsuna masu ciwo cikin aljihu, na ce, "To, Baba."